Yaya ake gane ɗumin jakar barci ta gashin tsuntsu tun kafin a kwana a cikinta?

Ɗan_Tsauni:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sani. Jakunkunan barci biyu ne a gabana, duka na lallausan gashin tsuntsu, kuma ɗaya zan ɗauka. Ta farko an rubuta gashin cikinta giram 600 ne, lambar kumburinsa 650. Ta biyu giram 450, amma lambar kumburi 850. Ta farkon ba a rubuta mata digirin komai ba, ta biyun kuma an buga mata "20" ƙato a jiki. Inda zan je dare yakan kai -5°C, wani lokaci ya ɗan wuce. Akwai hanyar da mutum zai lissafa ɗumin jaka da kansa, ko dole sai ya kwana a ciki ya ji a jikinsa?

Gwanki:
Wa alaikumus salam. Ɗauki mai 850 kawai, babu wani dogon zance. Lambar in ta fi girma, jakar ta fi ɗumi.

Malam_Lissafi:
Gwanki, a hankali dai. Lambar nan ba ɗumi take aunawa ba. Abin da take faɗa shi ne yawan wurin da oza ɗaya na gashin zai cika in an bar shi ya tashi. A ɗakin gwaji ana zuba gashin a cikin silinda, a ɗora masa faifai mara nauyi, a duba inda ya tsaya. In aka ce 850, ana nufin oza ɗaya, wato giram 28 da ɗan ɗoriya, yana cika murabba'in inci 850 na tsawo da faɗi da zurfi. Ingancin gashin ke nan, ba yawansa ba. Jaka mai gashi 900 amma ɗan tafin hannu aka zuba, sanyi za ka sha a ciki.

Abin da ke riƙe ɗumi iskar da ta maƙale a tsakanin gashin ce, don haka sai ka haɗa lambobin biyu. Ɗan_Tsauni, ga lissafinka: 600 sau 650 ya ba da 390,000. 450 sau 850 ya ba da 382,500. Bambancin bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba. In ka mayar da su lita, ta farko kusan 225, ta biyu kusan 221. A takarda dai jakunkunan nan ɗaya suke. Ribar ta biyun ita ce giram 150 da ba za ka ɗauka a bayanka ba, da kuma yadda za ta fi matsuwa a cikin kaya.

Gwanki:
To ai ka ga ban yi ƙarya ba, mai 850 ɗin ce dai ta yi nasara.

Malam_Lissafi:
Ta yi nasara a nauyi. Shi kuwa ɗumi ya tambaya.

Kunkuru77:
Kafin a yi nisa, wannan "20" ɗin da aka buga, ka duba ko akwai harafin F a gefensa. Kayan Amurka da ma'aunin Farenhait suke rubutu. 20°F daidai yake da kusan -7°C. In kuwa 20°C ne, to zanin rufa ka samu ba jakar barci ba. Da giram 450 na gashi a ciki, tabbas F ne.

Ɗan_Tsauni:
Na duba, F ne, an rubuta shi ƙarami. Ke nan -7°C ta ishe ni tunda -5°C nake tsammani?

Sarkin_Sanyi:
Kada ka yi saurin murna ɗan'uwa. Tambayar farko, wa ya ba ta wannan lambar? Akwai gwajin da aka amince da shi. A Turai aka fara shi da sunan EN 13537, daga baya a 2016 ya koma ISO 23537. Ana sa mutum-mutumi mai na'urar ɗumama jiki a cikin jakar, sanye da doguwar rigar ciki da wando da safa, a kwantar da shi kan katifa a ɗaki mai sanyi, a auna wutar da yake ci kafin fatarsa ta tsaya a zafi ɗaya. Daga nan ake fitar da lambobi. Ta jin daɗi an gina ta ne kan mace mai kilo 60 da ta miƙe tana barci ba ta jin sanyi. Ta iyaka an gina ta kan namiji mai kilo 70 da ya dunƙule yana kokawa da sanyi amma bai kai ga rawar ɗari ba. Ta uku ta tsira da rai ce kawai, awa shida cikin karkarwa, kuma ko ita ba ta yi alkawarin yatsunka za su dawo lafiya ba.

Lambar da ake bugawa ƙato a jikin jaka sau da yawa ta iyaka ce, ko wadda aka zagaye kusa da ita. In -7°C ce iyakarka, ta jin daɗin za ta kasance wajen sifili ko ƙasa kaɗan. In kuma babu alamar EN ko ISO ko kaɗan, to ra'ayin mai kamfani ne kawai aka buga maka.

Uwar_Biyu:
Wallahi Sarkin_Sanyi ka faɗi gaskiya. Ni da maigidana iri ɗaya muka taɓa ɗauka, tanti ɗaya, dare ɗaya. Shi har zif ya buɗe yana cewa zafi, ni kuwa ƙafafuna ba su yi ɗumi ba har asuba. Tun daga nan lambar jin daɗi kawai nake dubawa, kuma ko ita sai na bar mata rarar digiri biyar. Duk macen da ke karanta wannan, kada ki bari a sayar miki da lambar maza.

Shiru_Shiru:
Ba mata kaɗai ba Hajiya. Ni namiji ne, siriri, kuma da lambar jin daɗin nake aiki.

Baba_Mai_Sanda:
Yaran zamani da lambobi. Mu lokacin da muka fara, rula muke ɗauka. Ka shimfiɗa jakar a ƙasa, ka girgiza ta, ka bar ta ta huta kamar awa guda, sannan ka ɗora kwali mara nauyi a kan ƙirjinta ka auna daga ƙasa zuwa kwalin. Abin da ka samu ka raba biyu, shi ne kaurin da zai rufe ka ta sama. Akwai wani tsohon jadawali na sojojin Amurka da muke bi: inci ɗaya da rabi na 40°F, inci biyu na 20°F, inci biyu da rabi na 0°F. Duk ƙarin rabin inci, digiri ashirin na Farenhait. A santimita, kusan 4 na 4°C, 5 na -7°C, 6 da rabi na -18°C.

Sarkin_Sanyi:
Baba, da girmanka, amma jadawalin nan na samari ne majiya ƙarfi da aka ce su jure. Santimita 6 da rabi a -18°C? Ni dai ba zan gwada ba. Jakunkuna masu kyau da ake yi wa lambar -7°C yau, kaurinsu na sama wajen santimita 6 ɗin yake. Ka ga tazarar ta kai digiri goma.

Baba_Mai_Sanda:
Ban ce ka bi shi ido rufe ba ɗana. Na ce rula ba ta ƙarya, takardar kamfani kuwa tana iya yi. Ka auna, sannan ka ƙara wa kanka rara.

Malam_Lissafi:
Bari in shiga tsakaninku, don abin yana da ban sha'awa. In ka yi lissafin a takarda, jadawalin Baba ne yake fitowa. Mu ɗauka fatar mutum tana wajen 33°C. Mai barci yana fitar da zafi kamar wat 75 zuwa 80, wani kaso ya bi numfashi da gumi, abin da ya rage ya bi ta fata. Faɗin fatar babban mutum kusan murabba'in mita 1.8 ne, sai mu ce wat 35 ke ratsa kowane murabba'in mita. Iskar da ba ta motsi tana wuce da zafi a ma'aunin 0.025, gashin da ya tashi sosai bai kai ta tsarewa ba, mu ba shi 0.04. Kaurin santimita 6, wato mita 0.06, a raba da 0.04, ya ba da 1.5. Sau 35 ya zama digiri 52. Cire 52 daga 33, ka samu -19°C. Ga jadawalin sojoji nan ya fito.

Matsalar ita ce lissafin ya ɗauka mutum allo ne shimfiɗaɗɗe da gashi ya rufe ko'ina daidai. Ba haka abin yake ba. Gashin da ka kwanta a kai ya mutu, ba ya aikin komai. Jiki a zagaye yake, bayan jakar ya fi cikinta faɗi, zafi yana da ƙofar fita mai yawa. Akwai ramin fuska, akwai zif, akwai ɗinki. Duk juyin da ka yi, jakar tana fitar da iska mai ɗumi ta shaƙo mai sanyi. Kafaɗa da gwiwa suna danna gashin daga ciki. Waɗannan ne suke cinye digiri goma ɗin da Sarkin_Sanyi yake magana. Shi ya sa ni ina amfani da lissafi ne wajen gwada jaka da jaka, ba wajen yi wa kaina alkawarin digiri ba.

Gwanki:
Malam ka mayar da mu aji. Ni dai na ɓace tun daga 0.04.

Mai_Allura:
Ni ina ɗinka irin waɗannan kayan da hannuna, kuma akwai abin da har yanzu ba a taɓo ba. Malam_Lissafi ya ba ku lita 225 da lita 221, amma a kan wane faɗi za a baza su? Ku ɗauki jaka mai tsawon santimita 200. In matsakaicin zagayenta 130 ne, yadin da za a rufe murabba'in santimita 26,000 ne, lita 225 za ta ba da kauri sama da santimita 8 da rabi. In zagayen ya kai 150, ya zama 30,000, kaurin ya sauko zuwa 7 da rabi. Gashi ɗaya, nauyi ɗaya, santimita guda ta tafi saboda yankan yadi kawai. Ga kuma iskar banza da ke cikin faffaɗar jaka, wadda jikinka ne zai ɗumama ta. Jakunkuna masu kusurwa huɗu nan suke faɗuwa, duk da sun fi daɗin juyi.

Na biyu, ɗinkin. Akwai jakar da ake haɗa yadin waje da na ciki da allura kai tsaye. A kan kowane layin ɗinki kaurin sifili ne, komai kyan gashin. Irin wannan ta lokacin da sanyi bai yi tsanani ba ce. Ta sanyin gaske ana ɗinka mata 'yan bango na raga tsakanin yadin biyu, kowane gida ya zama akwati, kaurin ya tafi daidai. Ɗan_Tsauni, ka tsunkuli layin ɗinkin ta waje da hannu ɗaya, ta ciki da ɗayan, ka ja. In sun rabu, akwai bango. In sun taho tare, ka san abin da ka riƙe.

Na uku, kaurin da lissafi ya ba ku ba shi rula za ta nuna ba. Ba ma yanka bangon daidai da iya tashin gashin, mukan rage masa tsawo mu ɗan cusa gashin fiye da abin da gidan yake buƙata. Dalili, in gidan bai cika ba gashi yana gangarowa gefe cikin dare ya bar ƙirjinka da yadi biyu kawai.

Baba_Mai_Sanda:
To 'yata, in an cusa gashin ai an kashe shi. Tashin shi ne ɗumin.

Mai_Allura:
Har zuwa wani mataki ba haka ba ne Baba. Gashin da ya sake da yawa yana barin zafi ya ratsa ta tsakaninsa, iska kuma tana ɗan yawo a ciki. In aka ɗan ƙara masa cika, a kauri ɗaya sai ya fi tsarewa. Shi ya sa jaka biyu za su ba ka santimita ɗaya a rula amma wadda ta fi cika ta fi ɗumi. Sai an matse shi sosai, irin na ƙarƙashin bayan mutum, sannan yake mutuwa. Rularku tana aiki, amma ba ita kaɗai ba. Ni ina haɗawa da ɗaga jakar a gaban fitila. Duk inda haske ya ratso, nan sanyi zai ratso.

Malam_Lissafi:
Wannan gyara ne mai kyau, 0.04 ɗin da na sa ba tsayayye ba ne, yana sauka in cikar ta ƙaru.

Kunkuru77:
Tambaya a gefe: na dinya ya fi na agwagwa ɗumi da gaske, ko talla ce?

Sarkin_Sanyi:
In lambar kumburi ɗaya ce kuma nauyi ɗaya, jikinka ba zai bambance ba. Dinya ta fi girma, curin gashinta ya fi girma, shi ya sa manyan lambobi suka fi fitowa daga gare ta. Abin da ya fi dacewa ka duba shi ne rabon da ake rubutawa, 90/10 ko 80/20. Na farko lallausan gashi ne, na biyu ƙananan fuka-fukai masu tsinke. Tsinken nan nauyi ne kawai, kuma shi ne yake huda yadi ya fito.

Uwar_Biyu:
Na agwagwa yakan yi ɗan ƙarni in ya sha danshi, wannan kam na ji da hancina.

Tafiyayye:
Na karanta duka, kuma kowa yana kallon sama ya manta da ƙasa. Malam_Lissafi ya faɗa a wucewa cewa gashin da aka kwanta a kai ya mutu, amma nan ne rabin maganar take. Katifar da ake shimfiɗa wa mutum-mutumin gwajin ISO mai kauri ce, lambar R ɗinta, wato ma'aunin yadda katifa take hana zafin jiki gudu zuwa ƙasa, wajen 4.8. Duk digirin da aka buga a jikin jaka da wannan katifar aka same shi. Siririyar shimfiɗar soso da yawancinmu muke naɗewa a bayan kaya, R ɗinta wajen 2 ne. Katifar hurawa wadda babu komai a cikinta sai iska, ba ta ma kai nan ba, don iskar tana yawo tana kwashe zafi zuwa ƙasa. Sai mutum ya kwana a kan irin wannan ya tashi yana zagin jaka.

Na kwana a sansanin Barafu na Kilimanjaro, sama da mita 4,600. Wani abokin tafiya jakarsa ta fi tawa kauri nesa ba kusa ba, amma shi ne ya kwana yana juyi, don katifarsa ta sace cikin dare. Da safe ya rantse jakar jabu ce.

Abin daɗin shi ne lambar R tana haɗuwa. Soso mai 2 a ƙarƙashin katifa mai 3, ka samu 5. Kuma yanzu akwai ma'auni guda na ASTM F3340 da manyan kamfanoni suke bi tun wajen 2020, ana iya gwada ta wannan da ta wancan.

Ɗan_Tsauni:
Kai, Tafiyayye ka taɓo ni. Soson nan siriri shi ne da ni.

Tafiyayye:
To ka bar wahalar da kanka kan 390,000 da 382,500. Gyara ƙasa tukuna.

Shiru_Shiru:
Wani ya ce mini in mutum ya tuɓe kaya ya shiga jakar ya fi jin ɗumi, wai jiki ne yake ɗumama gashin kai tsaye. Akwai gaskiya?

Gwanki:
Ni ma haka na ji, kuma na gwada, ya yi aiki.

Malam_Lissafi:
Babu gaskiya a ciki, sai ta gefe ɗaya. Tufafi busassu ƙarin kauri ne, ƙarin kauri kuwa ƙarin ɗumi ne. Inda maganar ta samo asali wuri biyu ne. In kayan da ka wuni da su sun jiƙe da gumi, tuɓe su ya fi. In kuma jakar ta matse ka, ka ƙara ƙatuwar riga a ciki, to ka danne gashin daga ciki, ka ba da dama ka karɓa da hagu. Gwanki, ina zargin kayanka jiƙaƙƙu ne ranar.

Gwanki:
Ruwa ya ɗan taɓa mu kam.

Baba_Mai_Sanda:
Jakar barci kamar fulas take, abin da ka zuba shi take riƙewa. Ka shiga da sanyin jiki da yunwa, haka za ka kwana. Ka ci ka ƙoshi, ka ɗan motsa jiki kafin ka shiga amma kada ka yi gumi, ka yi fitsari, ka sa hula. In da hali ka cika gora mai murfi mai kyau da ruwan zafi, ka sa ta a safa, ka ajiye tsakanin cinyoyi. Babu lissafin da ya san ko ka ci abinci.

Sarkin_Sanyi:
Tunda an zo kan danshi, akwai abin da kowane ƙiyasi yake ɓoyewa: duk lambobin nan na daren farko ne, da busasshiyar jaka. Jiki yana fitar da tururi duk dare ko ba ka ji gumi ba. Tururin yana ratsa gashin yana neman fita, in ya isa inda ya yi sanyi sai ya koma ruwa, a tsananin sanyi ya zama ƙanƙara tun bai fita daga jakar ba. Dare ɗaya ba komai. Dare biyar a jere babu rana, kaurin zai ragu kana gani.

Misalin da ya fi tsanani da na sani shi ne tafiyar hunturu ta 1911 a Antatika, lokacin da mutum uku daga ayarin ɗan binciken Birtaniya Kyaftin Scott, wato Wilson da Bowers da Cherry-Garrard, suka tafi Cape Crozier neman ƙwan tsuntsun fengwin. Jakunkunansu na fatar barewar ƙanƙara ne, da shafin lallausan gashi a ciki. Ta Cherry-Garrard ta tashi da laba 18 ta dawo da laba 45, wato daga kusan kilo 8 zuwa 20, ƙarin duk ƙanƙara ce. Shi ya sa masu doguwar tafiya a irin wannan sanyi suke sa wata 'yar jaka marar shigar tururi a ciki, su kwana cikin danshinsu don gashin ya tsira.

Uwar_Biyu:
Subhanallahi. Ni dai -5°C ma ta ishe ni. Amma ga mai kwana biyu ko uku abin da sauƙi: da safe ka matse iskar ciki tun tana da ɗumi, ka juya jakar ka shanya ko na rabin awa ne. Kuma kada ka cusa hanci a ciki kana numfashi, komai sanyi. Ja igiyar hular ka bar baki da hanci a waje.

Kunkuru77:
Gashin da ake cewa an shafa masa maganin hana ruwa fa?

Mai_Allura:
Yana jinkirta jiƙewa kuma yana saurin bushewa. Bai mayar da jakar rigar ruwa ba, kuma bai ƙara mata ɗumi a bushe ba. Kada ka sa shi a lissafi.

Wani abu da ya kamata Ɗan_Tsauni ya faɗa mana: jakunkunan sababbi ne? Don lambar 650 da 850 na gashi ne mai tsabta da aka tayar da shi kafin gwaji. Maiƙon jiki da datti suna manne shi, ajiya a matse wata da watanni tana karya shi. Na sha karɓar jakar da mai ita ya ce ta mutu, wanki ɗaya da sabulun gashi, a busar da ita a inji da zafi kaɗan tare da ƙwallayen tanis har curin ya warware, sai ta tashi. A tsohuwar jaka rular Baba ta fi takarda gaskiya, wannan na yarda.

Baba_Mai_Sanda:
Allah ya yi miki albarka, an dawo hanya.

Ɗan_Tsauni:
Na gode ƙwarai jama'a. Na yi abin da kuka ce. Ta farko an ɗan yi amfani da ita, ta biyu sabuwa ce. Kaurin ta farko gaba ɗaya santimita 12, ta biyu 13. Duka biyun suna da bango a ɗinkin. Ta farko ta fi faɗi sosai a kafaɗa kuma ba ta da abin nan mai kumburi da ke zagaye wuya. Ta biyu tana da shi, har da wani a bayan zif, amma in na shiga tana ɗan kama ni a kafaɗa. A gaban fitila na ga haske a gida biyu na ƙirjin ta farko.

Sarkin_Sanyi:
Ta biyu, babu tantama. Abin wuyan nan kaɗai ya isa ya raba gardama, shi ne yake hana iskar ɗumi gudu duk lokacin da ka juya.

Mai_Allura:
Ni "tana ɗan kama ni" ɗin ne bai kwanta mini ba. Shiga ka ja zif har sama, ka kwanta ta gefe yadda kake barci, ka sa wani ya taɓa kafaɗarka da ƙugunka ta waje. In ya ji ƙashi ba tare da laushi a tsakani ba, santimita 13 ɗin nan ta tsakiyar ƙirji ce kawai. Wasu jakunkunan ana yanka yadin cikinsu ya fi na waje ƙanƙanta don kada jiki ya iya danne gashin, wasu ba a yi musu haka. Hasken da ka gani a ta farko kuma yana iya zama gashi ne ya gangara, ka bubbuga shi ya dawo ka sake dubawa kafin ka yanke mata hukunci.

Malam_Lissafi:
Kuma mai faɗin tana ba shi damar sa rigar sanyi a ciki, wadda dama zai ɗauka. In aka haɗa wannan, ba lallai ta biyun ta fi ba.

Tafiyayye:
Har yanzu kuna kan jaka. -5°C ɗin ma daga ina ya samo ta? In hasashen wani gari ne da ke gindin dutse, a tuna iska tana ƙara sanyi wajen digiri 6 da rabi a duk hawan mita 1,000. Kwari kuma yana tara iska mai sanyi da dare fiye da gangare. Daren da sama ta yi garau babu gajimare, bayan jakar yana iya yin sanyi fiye da abin da ma'aunin zafi ya nuna in a fili ka kwana. Tanti yana kare wannan, yana kare iska.

Ɗan_Tsauni:
Waɗanda suka kwana a wurin ne suka faɗa mini, amma ban tambaye su ko aunawa suka yi ko ji suka yi a jiki ba. A tanti zan kwana.

Uwar_Biyu:
Tambaye su, ka kuma tambayi wace jaka suka kwana da ita da yadda suka tashi. In akwai mai jin sanyi a cikinsu, maganarsa za ka ɗauka.

Shiru_Shiru:
Me zai hana ya ɗauki duka biyun ya sa ƙaramar cikin babbar?

Gwanki:
Ga magana! Giram 1,050 na gashi, ko Antatika sai ya je.

Mai_Allura:
Yana aiki in ta wajen tana da faɗin da ba za ta danne ta cikin ba, kuma danshin yakan taru a ta wajen ya bar ta cikin a bushe. Amma na -5°C ya yi yawa, gumi zai yi. Da nauyin jaka ta biyun gara ya ƙara katifa. Ɗan_Tsauni, nawa ne zagayen kafaɗar kowacce? Auna faɗinta a shimfiɗe daga ciki ka ninka biyu, ka auna naka zagayen har da hannuwa, ka kawo mana lambobin uku.